Mutumin da Ya Kwanta a Bayan Mota

Tun da na dawo daga Adamawa ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Malam, yaya Yola? Da gaske ne zafin can yana dafa ƙwai?" Waɗanda suka san abin da ya kai ni kuwa sai su matso su rage murya, kamar masu tambayar sakamakon asibiti. Na lura duk lokacin da na maimaita labarin sai ya ƙara tsawo ba da izinina ba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni.

'Yata Hauwa ce ta haɗu da wani yaro, Aminu, a wurin bautar ƙasa. Ɗan Jimeta ne, injiniyan ruwa, mai gaisuwa har ƙasa. Kowa a gida ya yi na'am da shi, har aka fara maganar ranar da manyansa za su zo Zariya. Sai wani mai son mu da alheri ya raɗa wa yayana Alhaji Sani cewa uban yaron an taɓa tsare shi kan kisan wani ɗan siyasa.

Yaya shi ne babba a gidanmu, kuma ba ya magana biyu. Ya kira ni ya ce, "Ba za mu haɗa zuri'a da mai kisan kai ba. Kai ne ɗan boko, kuma ka yi ritaya, ba abin da kake yi. Je ka gano. In ka ce e, e ne. In ka ce a'a, an rufe maganar."

Hauwa kuwa ta goge mini kayan tafiya, ta ninke, ta warware, ta sake gogewa.

Na tashi daga Zariya da sassafe a motar da aka ƙera don mutum bakwai, mu goma. Muka bi ta Jos da Bauchi, na kwana a Gombe a wani masauki kusa da tasha, inda fankar ɗakin ba ta juyawa sai an ba ta ƙarfin gwiwa da sanda. Washegari muka ɗauki hanyar Numan. Ba zan ɓata bakina kan wannan hanya ba. Abin da zan ce kawai, na shekara talatin da biyar ina koyar da Hausa, ban san kalmar "rami" tana da ma'anoni da yawa haka ba.

A wani shinge aka sauke mu duka. Soja ya karɓi katin fanshona, ya dubi hoton, ya dube ni.

"Baba, wannan ɗanka ne?"

"Ni ne, kafin gwamnati ta gama da ni."

"Me za ka yi a Yola?"

Na ce bincike. Nan take fuskarsa ta canza, abokin aikinsa ya matso. A yankin da ya sha fama da 'yan tada ƙayar baya, wannan ba kalmar da baƙo zai jefa a shinge ba ce. Na yi sauri na ƙara, "Na aure."

Ya sake dubana tun daga hula har takalmi, ya miƙo katin. "Allah ya ba da sa'a, Baba. Amma ka riƙa shan magani."

Fasinjoji suka yi ta yi mini barka har gadar Numan. Wata tsohuwa ma ta sayi soyayyen kifi ta ba ni, ta ce in ƙara ƙarfi.

Da muka shiga gari direba ya kashe mota ya ce an iso. Na ce ai ni Yola za ni. Ya ce, "Baba, nan Jimeta ne. Wa kake nema?" Na ce abokina a Rumde. Ya ce, "To ai ka iso. Ba Yola za ka ba." A nan na koyi darasin farko. Abin da mu baƙi muke kira Yola, da kasuwarsa da ofisoshinsa da hayaniyarsa, Jimeta ne. In ɗan gari ya ce Yola, tsohon garin yake nufi, can gaba, sai an sake hawa abin hawa.

Mai masaukina Buba ne, abokina tun kwalejin horon malamai, wanda ya bar alli ya koma sakateriya har ya yi ritaya da tumbi. Ya rungume ni ya ce, "Zauna, matana ya dama maka kunun gyaɗa."

"Matata ta dama," na ce, kafin in iya riƙe bakina.

"Shekara arba'in ba ka warke ba? Malam, a nan ba ma raba kalmomi maza da mata. Zafi ya yi yawa."

Haka kuwa abin yake. A Jimeta mota ya lalace, kaza ya yi ƙwai, amarya ya tare. Kwana biyun farko kunnena ya yi ta ciwo kamar ana goga alli a allon da ya jiƙe. Amma kunun, wanda matarsa Adda Dija ta kawo a kwanon da za a iya wankan jariri a ciki, ya sa na yafe wa garin nahawunsa. A Zariya kunu abin buɗa baki ne. A can abinci ne da ake zama a fuskanta.

Na gaya wa Buba gaskiyar abin da ya kawo ni. Ya ce kada in damu, zai kai ni inda aka fi sanin maganar, zai kuma ce ni masani ne mai rubuta littafi. Inda ya kai ni gindin wata bishiyar dogonyaro ne a bakin titi, kusa da wurin wani mai faci. Akwai benci biyu, da mutane kamar takwas, da shugaba. Shugaban nasu, Barista ake kiransa. Ya yi shekara biyu yana karatun lauya kafin karatun ya rabu da shi, amma sunan ya zauna.

Ga abin da kowa ya yarda da shi. A shekarun tashin hankali, lokacin da gari ya cika da 'yan gudun hijira, aka hana babura, shinge ko'ina, akwai wani ɗan siyasa da zan kira Onarabul kawai. Wata rana da la'asar ya fito daga gidansa a Jimeta zai tafi taro, bai ga motarsa ba, bai ga direbansa ba. Yana tsaye a ƙofar gida yana buga waya sai wasu mutum biyu suka harbe shi suka ɓace. Da magariba direban ya dawo da motar, da jini a kujerar baya. Direban shi ne Usumanu, uban Aminu. Aka tsare shi watanni, daga baya aka sake shi.

Daga nan kuma kowa ya kama hanyarsa.

"Da aka tambaye shi yana ina lokacin, ya ce yana Yola," in ji Barista. "Mai binciken baƙo ne irinka, sai ya rubuta cewa ya amsa yana garin da aka yi kisan. Mu mun san cikin gari yake nufi. Amma tambayar da ba a yi ba, me ya kai shi, kuma da wa? Ɗanladi, faɗa wa Malam."

Mai facin ya ɗago daga tayar da yake dannawa cikin ruwa. "Ni dai na ga motan ya wuce da gudu. Mutum ya kwanta a baya yana nishi. Shi ke nan."

"Ka ji!" Barista ya buga cinya. "Ɗaya daga cikin maharan ne. Ya samu rauni, Usumanu ya kai shi ɓoyo."

Na ce, "Wa ya ji masa raunin? Onarabul waya ce a hannunsa."

"Abokinsa ne ya harbe shi bisa kuskure. Ba ƙwararru ba ne. Wannan ma ya nuna 'yan jam'iyyarsa ne suka turo su, don su ba sa kashe kuɗi a kan aiki mai kyau."

Wani dattijo mai suna Jauro, wanda ke gyangyaɗi tun zuwana, ya buɗe ido ɗaya. "Mutanen daji ne. Kowa ya sani."

"Bappa, a lokacin ko akuyarka ce ta ɓata sai ka ce mutanen daji."

"Kuma an same ta?"

Aka yi dariya. Barista ya share ƙasa da tafin hannu ya zana taswira. Murfin kwalba ya zama gidan Onarabul, ɓawon rake ya zama mota, wani dutse ya zama Yola. Sai Ɗanladi ya ɓata masa lissafi, ya ce shi kafin kiran la'asar ya ga motar, alhali harbin bayan salla aka yi.

"Mun gama wannan tuntuni," in ji Barista. "Ranar ladan yana mura. Ya makara."

"To in ya makara ai motan ya ƙara riga harbin ke nan."

"Ɗanladi, kai shaida ne. Shaida ba ya fassara."

Washegari Barista ya ce masani ba ya rubutu sai ya auna, don haka za mu hau keke mai ƙafa uku mu bi hanyar da kanmu, agogo a hannu. Muka tashi daga murfin kwalba, wato ƙofar gidan marigayin, wanda yanzu shagon sayar da katifa ne. Mai keken ya ji abin da muke tattaunawa, ya juyo gaba ɗaya, keke na tafiya da kansa.

"Onarabul? Ai bai mutu ba. Yana Garwa, a Kamaru. Ƙanin matana ya gan shi yana sayen agogo."

"To wa aka binne?" na tambaya, ina nuna masa titi da hannu.

"Oho. Amma waɗanda suka ɗauki makara sun ce bai yi nauyi ba. Mutum mai tumbi haka?"

Tsohon garin Yola wata duniya ce. Muka ratsa Makama muka leƙa Adarawo. Babu ihu, babu gaggawa, dattawa a kan tabarmi suna Fulatanci a hankali kamar masu tsoron kada kalmomin su zube. Na yi wa wani sallama in tambayi hanya, sai da ya tambayi lafiyata, da ta iyalina, da gajiyata, da zafi, da gajiyar kuma, kafin ya ce shi ma baƙo ne. Barista ya duba agogo ya ce minti ashirin da biyar. Ya cire goma saboda Usumanu gudu yake yi, ya ƙara ashirin saboda shingayen wancan lokaci, ya sake cire bakwai saboda dalilin da ban gane ba, ya samu daidai abin da yake faɗa tun farko. Na taɓa koyar da yara masu irin wannan lissafi. Yawancinsu yanzu suna da manyan muƙamai.

Kwana uku ke nan, littafina ya cika da kibiyoyi, kuma ban san abin da zan gaya wa Yaya ba. In na ce e, kuma mutumin nan da hannunsa a kisan, na jefa 'yata gidan da ba a so. In na ce a'a saboda ɓawon rake, na karya mata zuciya a banza. Da yamma saƙonta ya shigo wayata: "Baba, ka ci abinci?" Ba ta ƙara ko harafi ba. Na daɗe ina kallon saƙon.

Adda Dija ce ta same ni a haka, ta ajiye tuwo da miyar kifi, ta leƙa littafin.

"Malam, wannan zanen Barista ne ko? Sama da shekara goma suna share ƙasan nan. Ka je kasuwa layin 'yan roba, ka ce Mama Ngozi."

"Wace ce ita?"

"Ka je dai. Mu mata mun je barka."

Ban gane abin da barka ta haɗa da kisan kai ba, amma na je. Mama Ngozi 'yar kabilar Ibo ce, a Jimeta ta yi aure ta tsufa, tana zaune tsakanin bokitai da bahuna kamar sarauniya a fada. Na gaishe ta na ce ina tambaya ne kan mutumin da aka gani kwance a bayan motar Onarabul.

Ta ajiye abin fifitarta. "Oga Tica, ka zauna. Ni ne mutumin."

Na zauna a kan wani baho da aka kife.

Ta ce gidansu ɗaya da su Usumanu a lokacin, haya, ɗaki na kallon ɗaki. Mijinta ya tafi kudu saro kaya. Naƙuda ta zo mata kafin lokaci, da zubar jini. Babu babur, masu keke biyu suka ga halin da take ciki suka ƙi. Matar Usumanu ta ruga da gudu har ƙofar gidan Onarabul, inda mijinta yake zaune a mota yana jiran maigida ya fito.

"Bai shiga ya tambaya ba sef. Ya ce in ya shiga, sai an ce ya jira. Ya zo ya ɗauke ni, matansa ya riƙe kaina. A shinge soja ya ce kowa ya sauka. Na yi ihu ɗaya, wallahi shi da kansa ya ja ƙarfen. Asibitin Yola ya kai ni. Likita ya ce da mun ƙara rabin awa, ni da Ngozi duka babu."

"To me ya sa ba ki faɗa ba tun farko?"

"Na sani ne? Ina fita asibiti mijina ya kwashe mu zuwa gida kudu, lokacin kowa gudu yake. Sai bayan watanni aka buga mini waya aka ce Usumanu yana tsare saboda jinina. Na goya yarinya na hau mota kwana biyu, na kai musu katin asibiti. Shi ya sa aka sake shi. Ba wani babba ya sa baki ba, ni ne babban." Ta ɗauki waya ta nuna mini hoton wata doguwar yarinya cikin kayan makaranta. "Ga ɗan bindigan da ya ji rauni. Shi ne na ɗaya a ajinsu."

Daga kasuwa ban tsaya ko'ina ba sai gindin dogonyaro. Na tsaya a kan mai facin kamar yadda nake tsayawa a kan ɗalibi.

"Ɗanladi, mutumin da ka gani a bayan mota, namiji ne ko mace?"

"Mace ne."

"Ka san mace ce?"

"Da zani da komai. Har matan Usumanu yana ciki."

"To me ya sa ka ce mutum ya kwanta yana nishi?"

Ya dube ni da tausayi. "Malam, mace ba mutum ba ne? Ɗan sandan ya rubuta abinsa, bai tambaye ni ba. Su kuma waɗannan, duk lokacin da zan ƙara magana sai a ce shaida ba ya fassara."

Ni da na yi rayuwata ina jan kunnen yara a kan "ya" da "ta", na ji wannan jimla kwana uku da suka wuce, na rubuta ta da hannuna, na ja mata layi, ban tambaya ba. Kunnena na Zariya ya ji "ya", ya ɗinka wa mutumin wando.

Na juya ga Barista, ina tsammanin zai sunkuyar da kai. Ko gezau.

"Maganar haihuwar? Ai mun san da ita. Ita ce ma ta tabbatar mana shiri ne. Malam, kai mai ilimi ne. Cikin kwanakin shekara duka, mace ta rasa ranar haihuwa sai wannan? A daidai wannan sa'a?"

"Wato an haɗa baki da jaririyar?"

"Ban ce ba. Amma ka rubuta cewa ban ce ba."

Jauro ya buɗe ido. "Mutanen daji ne," ya ce, ya koma barci.

Wanda ya kashe Onarabul, har na baro garin ban sani ba, kuma ba na jin akwai wanda ya sani a gindin wannan bishiya. Amma ba shi aka aike ni nema ba.

Ranar da zan taho, bayan karin kumallo, aka yi sallama a ƙofar gidan Buba. Wani siririn dattijo ne, fari, cikin wankakkiyar jamfa, yana tsaye kusa da wata tsohuwar mota da ta ga zamani. Ya gaishe ni da hannu biyu ya ce sunansa Usumanu, ya zo ya kai ni tasha. Na dubi Buba. Buba ya dubi sama.

"Tun ranar da kuka sauka na sani, Malam," in ji shi bayan mun hau titi. "Masani daga Zariya, mai kama da Hauwa'u a goshi. Na ce a bar ku ku yi aikinku. Ni ma da 'ya mace ce haka zan yi."

Tuƙinsa a natse yake, hannu biyu a kan sitiyari. Na ce masa na ga Mama Ngozi. Na tambaye shi me ya sa duk shekarun nan bai taɓa zuwa gindin bishiyar nan ya wanke kansa ba.

Muna wuce shataletale ya amsa.

"In na ce ban kashe shi ba, gaskiya ne. Amma mutumin nan ya ce in jira shi a ƙofa, na tafi. Da ina nan, da mota zai shiga, ba zai tsaya a waje ba. Kullum sai na yi wannan lissafin. Kuma kullum in na ga yarinyar za ta makaranta, sai in ga da za a sake, tafiya zan yi. To wanne zan je in faɗa a benci?"

Wannan ba tambayar jarrabawa ba ce. Muka ci gaba. Can ya yi gyaran murya, idonsa a kan hanya.

"Malam, ba don in matsa muku ba. Yaron ne ba ya cin abinci. Me za ku ce a gida?"

"Zan ce ku zo da goro. Mai yawa, don danginmu ba su da kunya."

Mutumin da ya shekara talatin yana tuƙa manya, wanda ya ratsa shingaye da mai naƙuda, sai ƙafarsa ta zame daga kan kuloci. Mota ta yi tsalle ɗaya ta mutu a tsakiyar titi. Ya murɗa makulli, ta yi tari ta yi shiru. Ya sake murɗawa, ko tarin babu. Masu keke suka taru a bayanmu suna ta oda, wani yana ihu a kawar da wannan gawar. Shi kuwa yana ta goge ido da hannun riga yana cewa batirin ne, batirin ne, dama ya san zai yi haka.

Ya juyo a kunyace. "Malam, sai dai a tura. Bari in nemo..."

Na riga na buɗe ƙofa. Na naɗe babbar rigar da Hauwa ta goge sau biyu, na ɗora ta a kafaɗa, na dafa bayan motar.

"Sa ta a giya ta biyu, surukina," na ce. "In na ce saki, ka saki."